Tudu, Fadama da Zango: Labarin Ƙasa a Bakin Tsofaffinmu

Ɗiyar ƙanwata tana ajin ƙarshe a sakandare. Tun da jarrabawa ta matso, kullum bayan isha'i takan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Maamobi, ta yi ta bitar littafinta da ƙarfi kamar mai hadda. Wani dare ta maƙale a kan wata doguwar jimla ta Turanci, ta nanata ta ya fi sau biyar. Mahaifiyata tana gefe tana tace gasarar kokon gobe, sai ta ce, "Ke 'yar nan, me kike ta maimaitawa haka?" Yarinya ta dube ni ta ce, "Kawu, gaya wa Hajiya." Na ce, "Hajiya, ana nufin mutum ya bar garinsu bayan an kawar da amfanin gona, ya tafi neman kuɗi wani wuri, in damina ta kawo jiki ya koma." Hajiya ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ashe ci-rani ne."

Darasin da yarinyar ke fama da shi shi ne sashen labarin ƙasa da ya shafi ɗan Adam. Ɗaya sashen na duwatsu ne da koguna da iska da ruwan sama. Wannan kuwa na mutane ne: inda suka zauna, abin da ya zaunar da su a can, inda suke zuwa, da yadda suke sauya ƙasar da suke takawa, ita ma take sauya su. Tambayarsa kullum ɗaya ce: me ya sa nan, ba can ba? Tun daren nan na lura cewa yawancin kalmomin wannan fanni muna da su a Hausa, wasu ma sun fi na littafi kaifi, domin kakanninmu da ƙafa suka karanci ƙasa. Ba kuma don alfahari na ɗauko zancen ba. Da waɗannan kalmomi ake zana taswirar birni, da su ake yanke shawarar inda za a gina kwata da inda za a tura katafila. Wanda bai san su ba, yana zaune za a yi ta magana a kansa.

Masana sukan raba abu biyu idan suna duban gari. Na farko zan kira shi mazauni, wato ita kanta ƙasar da garin ke kai: tudu ce ko kwari, yashi ne ko laka, akwai ruwan sha ko babu. Na biyu mahaɗa, wato matsayin garin a tsakanin sauran garuruwa: wace hanya ta bi ta kansa, wa yake sadawa da wa.

A nan Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, sunayen unguwanni sun isa darasi a kan mazauni. Akwai Tudu, kusa da kasuwar Makola. Akwai Fadama. Bahaushe ba ya ce wa wuri fadama sai ya ga ƙasa mai kwanciyar ruwa, irin wadda ake noman rani a kanta, a shuka rake da shinkafa da kayan lambu. Tsohuwar Fadama tana bakin kogin Odaw, daf da inda yake shiga tafkin Korle kafin ya kai teku. Wanda ya raɗa wannan suna ya san abin da ya gani. Ruwan da ya sauko daga tsaunukan Akuapem, da wanda ya bi babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, duk can suke taruwa.

Ranar 3 ga Yuni, 2015, aka yi ruwan da ba za mu manta ba. Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle, mai ya malale a kan ruwa, wuta ta kama. Kimanin mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ruwan sama ikon Allah ne, babu mai musun wannan. Amma simintin da ya rufe ƙasa ya hana ta shan ruwa, da ginin da aka dasa a kan hanyar ruwa, da ledar da ta toshe kwata, duk hannun mutum ne. A wannan gaɓa ce sassan labarin ƙasa biyu suke haɗuwa, kuma a nan ne nake yawan jin ana zaluntar talaka da baki. Sai a ce jahilci ne ya sa mutane zama a bakin ruwa. Wanda ke kwana a fadama ya fi kowa sanin fadama ce. Kuɗin tudu ne ba shi da su. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi adibas na fiye da wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake nema a birnin nan. Wanda bai da kuɗin shekara biyu a dunƙule, ina zai nufa in ba inda katako da kwano suka isa ɗaki ba? Makonni kaɗan bayan wannan ruwa aka rushe wani ɓangare na Tsohuwar Fadama. An taɓa gidajen, ba a taɓa abin da ya kai mutane can ba.

Mahaɗa kuwa, babu misalin da ya kai Salaga, tsohon garin kasuwa a ƙasar Gwanja, arewacin Ghana. Goro ba ya yi sai a kurmi, masu cinsa kuma suna can ƙasar Hausa da Barno, inda ba ya tsiro. Can kuma akwai kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jan fata da dabbobi, waɗanda mutanen kurmi ke so. Idan wannan yana da abin da wancan ke nema, hanya za ta buɗe ko da wata da watanni za a yi ana tafiya. Haka fataucin Gwanja ya kasance: ayari ya taso daga Kano ko Katsina, madugu uban tafiya ke jagora, jaji ya riga su gaba yana nemo masauki. Salaga ta tsaya daidai tsakanin kurmin Asante da ƙasashen arewa, sai ta zama babbar kasuwa. Kada kuma mu ɓoye, ba goro kaɗai aka sayar a can ba, an sayar da bayi masu yawa.

To, ƙasar Salaga ba ta motsa ba har yau, rijiyoyinta suna nan. Mahaɗarta ce ta gushe. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya karye, goro ya fara sauya hanya zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, fatake da malamai suka watse. A cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Daga nan jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can kuma dogo ya kai shi Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa kafin gyaɗa ta zaunar da shi a Kano. Hanya ta juya kudu, mutanenmu suka bi ta. Zangon Kumasi ya haɓaka bayan Turawa sun kama garin a 1896, a Accra kuma Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, Malam Futa ya sauka da shanunsa a Nima a farkon shekarun 1930. Duk wanda ya ga yadda aka tayar da 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie a cikin Accra zuwa Adjen Kotoku a bayan gari a 2021, ya ga wannan darasi da idonsa: albasar Galmi ta Nijar ba ta sauya ba, amma nisan da mai saye zai yi ya sauya, kuma duk wanda ke ci a jikin kasuwar, daga mai dako har mai sayar da abinci, ya ji a jikinsa.

A kan tafiya ne Hausa ta fi littafin yarinyar nan wadata. Littafin ya ba ta kalma ɗaya ta ƙaura, sannan ya yi ta jingina mata siffofi. Mu kuwa kowace tafiya da sunanta. Ci-rani daban, fatauci daban. Yawon almajiranci neman karatu ne. Ƙaura ita ce a kwashe iyali da tukwane. Gudun hijira tafiyar da ba a shirya ba ce. Wanda kuma ya tafi da niyyar dawowa, shekaru suka tura, ya yi aure ya haifu har aka binne shi can, mukan ce ya yi kaka-gida. Yawancinmu 'ya'yan zango jikokin 'yan kaka-gida ne.

Littafi ya ce abu biyu ke tayar da mutum: abin da ke korarsa daga gida, da abin da ke jan sa zuwa wani wuri. Gaskiya ne. A arewacin Ghana damina ɗaya ce a shekara, rani mai tsawo, aiki ya yanke. A kudu damina biyu, ga gonakin koko, ga ma'adinai, ga tashar jiragen ruwa. Amma wannan bayani bai faɗi me ya sa yarinya daga wani ƙauyen Dagwamba take sauka a ɗaki kaza a Agbogbloshie, ko a gefen kasuwar Kejetia a Kumasi, ba wani wuri ba. Amsar ita ce akwai wadda ta riga ta. Yayarta ko 'yar garinsu ce ta kira ta a waya, ta tare ta a tasha, ta samo mata kwanon dako. Masana suna kiran wannan ƙaura mai sarƙa, kowane zobe yana jawo na bayansa. Mu mun san shi tun zamanin ayari da sunan maigida: wanda ke saukar da baƙon fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu in an ci bashi. Farfesa Akin Mabogunje, babban masanin labarin ƙasa na Najeriya, wanda a Kano aka haife shi a 1931, ya nuna tun 1970 cewa ƙaura daga ƙauye zuwa birni tsari ne mai ciyar da kansa: labarin da ɗan ci-rani ya kai gida, da kuɗin da ya aika, su ne ke tayar da na baya. Duk wanda ya ga saurayi ya koma ƙauye da sallah da sabon babur ya san ƙannensa nawa za su kwana suna tunanin birni.

Ita kanta kalmar kayayo, da ake kiran waɗannan 'yan mata masu dako, rabinta namu ne: kaya daga Hausa, yoo daga harshen Ga, ma'ana mace. Harsuna biyu sun haɗu a kan wuyan yarinya ɗaya mai ɗauke da lodi.

Akwai kuma tafiyar da hukuma ke sa wa a yi. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya tayar da mutum kusan 80,000, ya haɗiye tsohuwar Kete-Krachi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Babu gidan zango da wannan bai taɓa ba. An kwashi mutanen da a nan aka haife su zuwa garuruwan da a baki kawai suka san su. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo. Iyaka layi ce a takarda, Bature ya ja ta, amma ranar da hukuma ta tashi amfani da ita, takan raba wa da ƙani. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, sai dai direban da ya ɗauko albasa daga Nijar shi zai gaya maka shingaye nawa ne tsakanin takarda da hanya.

Sai lissafi. Ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 30.8 a Ghana, alhali a 1960 miliyan 6.7 ne. Kashi 56.7 cikin ɗari suna zaune a birane, birni kuwa a ma'aunin ƙasar nan shi ne duk garin da ya kai mutum 5,000. Idan aka raba jama'a da faɗin ƙasa, kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum 129. A yankin Accra kuwa 1,681. Wannan shi ake kira kaurin jama'a, kuma ina so yaranmu su koyi yi masa kallon tsanaki. Lissafin 1,681 ya haɗa gidan Cantonments mai lambu da gareji, da gidan haya na Nima inda kowane ɗaki iyali guda ne, ana layin bayan gida na kuɗi tun asuba. An zuba su a tukunya ɗaya an raba daidai, sai aka samu adadin da bai yi kama da rayuwar ko ɗayansu ba. Amsar da za ka samu tana bin girman ma'aunin da ka ɗauka: na ƙasa, na yanki, na unguwa, ko na ɗaki. Cunkoson da ke yaɗa tari da kwalara a ma'aunin ɗaki da famfo yake, ba a na yanki ba.

Nisa ma haka. Kasoa, wadda sunanta kasuwarmu ce aka lanƙwasa, a taswira tana yankin Tsakiya, ba ta cikin Accra. Amma da asuba jeka mararrabar Mallam ka ga motocin haya, trotro bayan trotro, cike da mutanen da a Kasoa suke kwana, a Accra suke wuni. Hukuma ta ja iyakarta a wani wuri, rayuwa ta ja tata a wani. Tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba takan ci awa biyu ko fiye, domin haka mutumin Kasoa ba ya auna nisa da kilomita, da awa yake aunawa da sidi, kuɗin Ghana.

Yaɗuwar al'ada ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya karya kumallo a Ghana. Waakye wakenmu ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, koko da ƙosai sun shiga kowane lungu har inda ba a jin Hausa. Abin lura shi ne harshe ya yi nisan da ƙabila ba ta yi ba. A zango Hausa ce ke haɗa Dagwamba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Busanga da Wangarawa da Fulani. Amma a manyan rukunan ƙabilu da ƙidaya ke fitarwa, su Akan da Mole-Dagbani da Ewe da Ga-Dangme, babu Hausa. Muna cikin "saura". Wanda ya dubi wannan jadawali kaɗai ba zai taɓa zaton akwai unguwanni a Accra da Kumasi da ake ciniki da wa'azi da faɗa da sulhu duk da Hausa ba.

Akwai wata kalma da duniya ke amfani da ita yau wadda a Nima aka haife ta. Wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna a cikin Frafra mazauna Nima a shekarun 1960. Takardun hukuma sun ce mutanen nan ba su da aikin yi, shi kuwa ya ga kowa na fita da safe yana dawowa da abin cefane: mai gyaran rediyo, mai dako, mai sayar da ruwa, mai ba da bashi. A farkon shekarun 1970 ya kira wannan "informal sector", wato tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki kalmar, ta bazu. Yau yaro a Nima yana haddace ta don jarrabawa, bai san a lungunsu aka gano ta ba, kuma sana'ar uwarsa ake nufi. Wannan yana min ciwo.

Amma kalmar da ta fi tsaya min a rai ita ce zango. Asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, gobe ya wuce. Masana suna bambanta wuri a matsayin ɗigo a taswira, da wuri a matsayin inda mutane suka zuba rayuwarsu har ya zama gida. Zangonmu ya daɗe da tashi daga na farko zuwa na biyu. A nan aka yanke cibiyarmu, a nan maƙabartar kakanninmu take. Amma sunan yana nan yana cewa masu wucewa ne, kuma ana yi mana mu'amala da sunan. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shekara ɗari da ɗoriya ba raɓa ba ce. Duk da haka saurayin da kakansa a Aboabo ta Kumasi aka haife shi yakan je neman katin ɗan ƙasa a tambaye shi, "Asalinku ina ne?" saboda sunansa da harshensa. Na tsaya a irin wannan layi, na ji tambayar da kunnena.

Mu ma muna da namu kason. Ƙasar zango ta masu gari ce, sarakunan Ga da iyalansu a Accra, Asantehene, sarkin Asante, da hakimansa a Kumasi, kuma kakanninmu da yawa da baki aka ba su, da goro da godiya. Sun gina da tunanin za su koma, ba su nemi safiyo ba, ba su bar faɗin hanya ba. Gidan da mutum ɗaya ya gina yau magada talatin ke da shi, babu mai iya rushewa ya ɗora bene, babu bankin da zai karɓi gidan da ba takarda. Ga Nima a tsakiyar birni, tafiyar ƙafa daga fadar shugaban ƙasa, makwabciyar Kanda inda aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa a 2021. Mahaɗarta zinariya ce, kuma masu kuɗi sun gani. Idan aka kira unguwa matattarar ƙazanta a takardar hukuma, an share hanyar tayar da ita. Idan aka kira ta tsohuwar unguwa mai buƙatar gyara, an share hanyar kawo mata famfo. A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango da doka, wanda ko ba komai ya shigar da sunan cikin dokar ƙasa. Amma ranar da za a baje taswirar sabunta Nima a kan tebur, ina so a samu 'ya'yanmu a zaune a wurin, masu iya karanta ta, su ce wannan layi da kuka ja ya bi ta kan makarantar allo da gidaje goma sha biyu.

Washegarin daren nan na ba yarinyar farar takarda, na ce ta ajiye littafi ta zana min lungunmu, daga masallaci zuwa bakin kwata. Ta zana gidaje da shagon tela da famfon da ake sayen ruwa. Hajiya ta karɓa ta juya ta sama da ƙasa har ta gane gabas, sannan ta fara nunawa da yatsa. Nan da rijiya ce. Nan garken wani Bafulatani ne. Wannan gida na Zabarmawa ne, sun tafi shekarar Busia ba su dawo ba. Ta ɗora yatsa a bayan shagon tela ta ja shi a karkace har bakin kwata, ta ce, "Nan kuma rafi ne, mun yi wanki a cikinsa."

Yarinyar ta ce, "Hajiya, ai gidaje ne a wurin."

"Su ne ruwa ke shiga kowace damina," in ji Hajiya.

Ta ɗauko shuɗin biro ta ja layin, ya ratsa ta cikin gida uku.